Daga Taguwar Basusu zuwa Huɗubar Arfa: Tarihin Fushi da Linzaminsa

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Wanda Ya halitta ɗan Adam, Ya sanya masa zuciya a ƙirji, kuma Ya ba shi hankalin da zai riƙe ta da shi. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na yau na tarihi ne, kuma abin da za mu bi diddiginsa shi ne fushi. Mun zaɓi wannan magana cikin watan Azumi domin kowa ya san yadda zukata ke ƙuntata tsakanin azahar da shan ruwa. A kasuwa, a bakin famfo, a kan titi tsakanin mai mota da ɗan kabu-kabu, a cikin gida tsakanin miji da mata, magana ƙarama takan zama babba, mutum ya wuni da yunwa da ƙishirwa, sa'an nan ya zubar da ladarsa cikin ƙiftawar ido.

Malamai sun siffanta fushi da cewa tafasar jinin zuciya ne domin neman ramuwa. Alamominsa a fili suke: fuska ta yi ja, jijiyoyin wuya su kumbura, murya ta ɗaga, jiki ya ɗauki rawa. Allah ne Ya halitta shi cikin ɗabi'ar mutum, kuma da hikima Ya yi haka, domin wanda ba ya fushi sam ba zai kare addininsa da iyalinsa ba, ba kuwa zai tsaya wa wanda aka zalunta ba. Matsalar tana ga wanene ke riƙe da linzami, mutum ko fushinsa. Larabawan farko suna da kalmomi biyu a kan wannan. Wanda fushi ke hawansa suna kiran halinsa jahalu, daga nan ne sunan Jahiliyya ya samo rabin ma'anarsa, domin ba rashin sani kaɗai ake nufi da shi ba. Wanda kuwa yake da ikon ramawa amma ya danne zuciyarsa, halinsa shi ne hilmu. Tarihin da za mu karanta yau, na kusan shekara 140, labari ne na yadda aka ɗauko al'umma daga na farkon aka kai ta ga na biyun.

Yaƙin Basusu

Wajajen shekara ta 494 ta Miladiyya, a ƙasar Larabawa, akwai ƙabilu biyu ƴan'uwan juna, Bakru da Taglibu, dukkansu jikokin kaka ɗaya ne mai suna Wa'ilu. Shugaban Taglibu shi ne Kulaibu ɗan Rabi'atu, jarumi mai ƙwarjini wanda girman kai ya shiga. Masu tarihi sun ruwaito cewa yakan keɓe wa kansa hurumin kiwo, ya ajiye ɗan kwikwiyo a wurin, duk inda haushinsa ya kai to ba dabbar da za ta yi kiwo sai tasa. Matarsa Jalilatu ƴar Murratu ce, daga Bakru, kuma ƙanenta Jassasu yana zaune kusa da su.

Ƴar'uwar mahaifiyar Jassasu, wata mace mai suna Basusu, ta sauka wurinsa, tare da wani baƙo nata mai taguwa. Ran nan taguwar ta bi raƙuma ta shiga hurumin Kulaibu. Da ya gan ta sai ya ɗana kibiya ya harbe ta a hantsa, ta dawo tana kuka, jini da nono suna zuba. Basusu ta yaye lulluɓinta, ta ɗora hannu a ka, ta yi ta kururuwar an wulaƙanta ta, tana rera baitocin da ke nuna cewa ta sauka gidan da ba a iya kare baƙo. Jassasu ya ji, ya ce mata ta yi shiru, za a kashe raƙumin da ya fi taguwarta daraja. Kulaibu yake nufi.

Mu lura, jama'a, Jassasu bai yi kisa a wannan sa'a ba. Ya kwana da abin, ya tashi da shi, maganar innarsa tana ci masa rai. Shi kuwa Kulaibu, maimakon ya biya taguwa ya ba da haƙuri, sai ya ƙara da hana mutanen Bakru shayar da dabbobinsu a mashaya bayan mashaya. Daga ƙarshe Jassasu ya bi shi ya soke shi da mashi. Kulaibu yana kwance yana neman kurɓin ruwa, surukinsa ya tuna masa mashayun da ya hana su, ya bar shi ya mutu.

Kulaibu yana da ɗan'uwa, Muhalhilu, mawaƙi ne mai son shagali. Lokacin da labari ya zo yana zaune ne tare da amininsa Hammamu, wanda yake wan Jassasu. Muhalhilu ya yi rantsuwa cewa ya bar giya da caca da turare da kusantar mata har sai ya ɗauki fansa. Dattawan Taglibu suka je wurin Murratu suka ba shi zaɓi: ya rayar da Kulaibu, ko ya miƙa Jassasu, ko Hammamu, ko shi kansa. Murratu ya ce su ɗauki ɗaya daga sauran ƴaƴansa, ko su karɓi raƙuma 1000 diyya. Suka ƙi. Yaƙi ya tashi, aka yi ta karo shekara da shekaru, har Hammamu ya faɗi a fagen fama, Muhalhilu ya tsaya kan gawar amininsa yana baƙin ciki, amma bai mayar da takobi kube ba.

A cikin Bakru akwai wani dattijo mai hankali, Harisu ɗan Ubadu, wanda ya janye jikinsa tun farko, ya ce ba shi da taguwa ba shi da raƙumi cikin wannan rigima. Da ya ga jini ya yi yawa sai ya aiki yaronsa Bujairu wurin Muhalhilu domin neman sulhu. Muhalhilu ya kashe yaron. Da aka faɗa wa Harisu, ya daure, ya ce in dai jinin Bujairu zai sasanta ƴaƴan Wa'ilu to ya yafe. Sai aka ce masa ai Muhalhilu cewa ya yi yaron bai fi maɗaurin takalmin Kulaibu ba. Wannan kalma guda ita ta sa dattijon ya hau dokinsa, ya shiga yaƙin da ya daɗe yana gudu, kuma da shigarsa Taglibu suka sha kashi mai tsanani. Ba a ajiye makamai ba sai bayan shekara 40. Muhalhilu ya ƙare rayuwarsa nesa da danginsa. A wata ruwaya, ɗan da Kulaibu ya bari a ciki, Hijrisu, ya girma a hannun kawunsa Jassasu, da ya san labari sai ya kashe wanda ya rene shi.

Sau uku aka buɗe ƙofar sulhu cikin wannan labari: ranar da aka harbi taguwa, ranar da aka yi tayin diyya, da ranar da Bujairu ya zo. Duk sau ukun girman kai da mugun baki ne suka rufe ta. Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Kururuwar Basusu da kalmar Muhalhilu sun kashe mutane fiye da kibiyar Kulaibu.

Ausu da Khazraju

Irin wannan cuta ce ta addabi Yasriba, garin da ya zama Madina. Ausu da Khazraju su ma ƴan'uwa ne, amma sun daɗe suna zubar da jinin juna. Karonsu na ƙarshe shi ne ranar Bu'asu, kimanin shekara 5 kafin Hijira, inda shugabannin ɓangarorin biyu suka halaka. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta bayyana cewa wannan rana shimfiɗa ce Allah Ya yi wa ManzonSa, domin ya iske mutanen sun gaji, manyansu sun ƙare, suna neman wanda zai haɗa kansu.

Musulunci ya haɗa su, aka kira su Ansaru. To amma garwashi yana nan ƙarƙashin toka. Malaman sira sun kawo cewa wani dattijo mai hassada, Shasu ɗan Ƙaisu, ya wuce ya ga Ausu da Khazraju zaune wuri ɗaya suna hira, abin ya ɓata masa rai. Ya tura wani saurayi ya zauna cikinsu ya riƙa rera waƙoƙin da aka yi a kan Bu'asu. Kafin a jima alfahari ya tashi, mutum biyu suka durƙusa kan gwiwoyinsu suna musayar baƙar magana, aka yi kiran makamai, aka sa wurin haɗuwa a bayan gari. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya fito da gaggawa ya shiga tsakaninsu, ya tuna musu Allah, ya tambaye su yaya za su koma kiran Jahiliyya alhali yana tsakaninsu. Nan take suka gane cewa zugar Shaiɗan ce da makircin maƙiyi, suka yi kuka, suka rungumi juna. Masu tafsiri da yawa sun danganta saukar ayoyi na 100 zuwa 103 na Suratu Ali Imrana da wannan rana, inda Allah Ya tuna musu cewa da maƙiyan juna ne, suna bakin ramin wuta, Ya tsamo su.

Abin da za mu riƙe a nan shi ne, waɗannan sahabbai ne masu salla bayan Annabi (S.A.W.), amma waƙa ɗaya ta kusa mayar da su inda suka fito. Imani ba ya cire fushi daga ƙirjin mutum. Abin da ya bambanta su da mutanen Basusu shi ne da aka tunatar da su sun tsaya.

Rijiyar Muraisi'u

A yaƙin Banul Musɗaliƙ, wanda wasu malamai suka sanya a shekara ta 5 bayan Hijira wasu kuma ta 6, rundunar Musulmi ta sauka a wani ruwa da ake kira Muraisi'u. Mutum biyu suka yi turereniya wurin ɗibar ruwa: Jahjahu, ɗan ƙodagon Sayyidina Umaru, da Sinanu, wanda yake ƙawance da Khazraju. Faɗa ya kaure, wannan ya kira Muhajirai, wancan ya kira Ansaru. Annabi (S.A.W.) ya fito ya tsawatar, ya ce su bar wannan kira domin abu ne mai wari.

Shugaban munafukai, Abdullahi ɗan Ubayyu, ya ga dama ta samu. Ya ce wa mutanensa su suka jawo wa kansu da suka sauki baƙi suka raba dukiya da su, kuma in an koma Madina mai daraja zai kori wulaƙantacce. Wani yaro, Zaidu ɗan Arƙamu, ya ji, ya kai labari. Umaru, Allah Ya ƙara masa yarda, ya fusata, ya nemi a sare kan mutumin. Annabi (S.A.W.) ya hana, domin kada mutane su riƙa cewa Muhammadu yana kashe sahabbansa. Sa'an nan ya ba da umarnin a ɗaura kaya a tashi, a lokacin da bai saba tafiya ba. Ya tafi da su wunin nan duka, da daren duka, da safiyar kashegari har rana ta dame su, sa'an nan ya sauka. Jikinsu na taɓa ƙasa barci ya kwashe su. Malaman sira sun ce ya yi haka ne domin ya shagaltar da su daga maganar jiya.

Ku duba wannan hikima. Bai tara su a bakin rijiya domin a bi ba'asi alhali jini yana tafasa ba. Ya raba su da wurin, ya gajiyar da jiki, ya bar lokaci ya yi aikinsa. Abin da ya koyar da mutum ɗaya, cewa in ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, shi ne ya aikata ga runduna guda.

Akwai kuma wani abin mamaki a wannan tafiya. Ɗan wannan munafuki, shi ma sunansa Abdullahi, mumini ne na gaskiya. Ya zo wurin Annabi (S.A.W.) ya ce in har an yanke hukuncin kashe mahaifinsa to a sa shi ya aikata da kansa, domin yana tsoron in wani ya yi, zuciyarsa ba za ta iya jure ganin makashin ubansa yana yawo cikin mutane ba, sai ya kashe mumini saboda kafiri ya shiga wuta. Wannan mutum ne da ya san zuciyarsa, ya hango fushinsa tun bai zo ba. Annabi (S.A.W.) ya kwantar masa da hankali, ya ce za a ci gaba da kyautata wa mahaifinsa muddin yana tare da su. Bayan haka sai ya zamana duk sa'ad da Ɗan Ubayyu ya yi wata ɓarna, mutanensa ne da kansu ke tsawata masa. Annabi (S.A.W.) ya nuna wa Umaru cewa da an kashe shi a waccan rana, da mutane da yawa sun fusata dominsa, waɗanda yau su ne ke gaba da shi. Umaru ya shaida cewa ra'ayin Manzon Allah ya fi nasa albarka.

Abubakar da Misɗahu

A kan hanyar dawowa daga wannan tafiya ne aka ƙulla ƙazafi ga Uwar Muminai A'isha, aka yi wata guda Madina tana cikin ruɗani. Cikin waɗanda bakinsu ya shiga maganar akwai Misɗahu ɗan Usasatu, matalauci, ɗan'uwan Sayyidina Abubakar, wanda Abubakar ɗin ne ke ciyar da shi. Da Allah Ya wanke A'isha cikin Suratun Nur, Abubakar ya rantse ba zai sake ba Misɗahu kome ba. Wanene cikinmu zai ga laifinsa? Mutumin da kake ciyarwa ya ɓata sunan ɗiyarka. Amma aya ta 22 ta wannan sura ta sauka tana hana masu falala da wadata su rantse a kan yanke alheri ga dangi da miskinai, tana kiran su ga yafewa, tana tambayarsu ko ba su son Allah Ya gafarta musu. Abubakar ya ce lalle yana son gafarar Allah, ya mayar wa Misɗahu abin da ya saba ba shi. Muhalhilu ya yi rantsuwa cikin fushi ya riƙe ta shekara 40. Abubakar ya yi tasa, ya warware ta ranar da ya ji abin da ya fi ta.

Hudaibiyya

A watan Zulƙida na shekara ta 6, Musulmi kimanin 1400 suka nufi Makka domin Umra, Ƙuraishawa suka tare su a Hudaibiyya. Wakilin Ƙuraishu, Suhailu ɗan Amru, ya ƙi a rubuta sunan Allah Mai rahama a kan takardar sulhu, ya ƙi a rubuta cewa Muhammadu Manzon Allah ne. Sayyidina Aliyu, wanda ke rubutun, ya kasa goge kalmar, Annabi (S.A.W.) ya goge ta da hannunsa. Sharuɗɗan sun ce a ajiye yaƙi shekara 10, Musulmi su koma bana ba Umra, kuma duk wanda ya gudo daga Makka a mayar da shi. Ana cikin haka sai ga Abu Jandali, ɗan Suhailun, ya iso yana jan mari a ƙafa yana neman ceto, aka mayar da shi ga ubansa a gaban idon kowa.

Fushin sahabbai a wannan rana saboda addini ne, kuma duk da haka ba shi aka bi ba. Umaru ya je wurin Annabi (S.A.W.) yana tambayar don me za su karɓi ƙasƙanci alhali suna kan gaskiya, ya koma wurin Abubakar ya sami amsa iri ɗaya. Da aka umarci jama'a su yanka hadayarsu su yi aski, ba wanda ya motsa saboda ɓacin rai. Ummu Salama, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da shawarar ya fita kada ya yi wa kowa magana, ya yanka tasa ya kira mai aski. Da suka ga haka suka tashi suka bi. Suratul Fathi ta kira wannan sulhu buɗi, kuma a aya ta 26 ta ajiye abu biyu gefe da gefe: zafin kai na Jahiliyya a zukatan kafirai, da natsuwar da Allah Ya saukar wa ManzonSa da muminai. Umaru ya faɗa daga baya cewa ya daɗe yana sadaka da azumi da salla da ƴanta bayi saboda maganar da ya yi a ranar.

Buɗe Makka da Huɗubar Arfa

Ba a cika shekara biyu ba, cikin irin wannan wata na Azumi, shekara ta 8, Annabi (S.A.W.) ya shiga Makka da mutum 10,000. Ga waɗanda suka kore shi, suka azabtar da sahabbansa, suka yaƙe shi a Badar da Uhudu da Handaƙ, duk sun shiga hannu. Sa'adu ɗan Ubadatu, mai riƙe da tutar Ansaru, ya furta cewa yau ranar zubar da jini ce. Da labari ya kai ga Annabi (S.A.W.) sai ya ƙaryata wannan magana, ya karɓe tutar daga hannunsa. Ya yi wa mutanen Makka afuwa gaba ɗaya, in ban da ƴan ƙalilan masu manyan laifuka, su ma da yawansu an yafe musu daga baya, irin su Ikrimatu ɗan Abu Jahali. Mabuɗin Ka'aba ya mayar wa Usmanu ɗan Ɗalhatu, gidan da ke riƙe da shi tun da.

Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, ya gudu Ɗa'ifa, daga baya ya zo ya musulunta. Annabi (S.A.W.) ya karɓi Musuluncinsa, bai taɓa shi ba, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. Wannan ya nuna mana cewa yafewa ba ta nufin zafin ya gushe daga zuciya. Zafin kisan baffansa yana nan, amma bai bar shi ya zama hukunci ba.

A shekara ta 10, ranar Arfa, a Hajjin Bankwana, ya shelanta cewa duk jinin da ake bin bashinsa tun Jahiliyya an soke shi. Kuma jinin farko da ya soke na gidansu ne, na wani yaro ɗan Rabi'atu ɗan Harisu, jikan baffansa, wanda ƙabilar Huzailu ta kashe yana wurin reno. Da kansa ya fara. A nan aka rufe littafin da Jassasu da Muhalhilu suka buɗe.

Rabonmu cikin wannan tarihi

Kada wani ya fahimci cewa Annabi (S.A.W.) ba ya fushi. Yana yi, har a ga alama a fuskarsa, kamar ranar da Usamatu ya zo ceton matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata. A'isha ta shaida cewa bai taɓa ramawa domin kansa ba, sai in an keta dokar Allah. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya kasa mutane uku a littafinsa Ihya'u: mai ƙarancin fushi har ya rasa kishi, mai wuce iyaka har hankalinsa ya rufe, da matsakaici wanda fushinsa ke jiran umarnin hankali da addini. Ya lissafa abubuwan da ke hura shi, irin su girman kai, jiji da kai, izgili, jayayya da kwaɗayin dukiya da matsayi. Ya kuma yi gargaɗi cewa fushin da aka haɗiye don rashin ikon ramawa yakan koma ciki ya daskare ya zama ƙullaci, ƙullaci kuma ya haifi hassada. Halin Jassasu ke nan, wanda ya yi shiru kwanaki yana wasa mashi.

Maganin da Sunna ta koyar kowa na iya shi. Ka nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. Ka kame bakinka. Ka sauya halin da kake ciki, ka bar wurin in ya kama. Ka yi alwala. In kana azumi wani ya tsokane ka, ka faɗa masa kana azumi. Kada ka yanke hukunci cikin fushi, domin an hana alƙali ma ya yi shari'a a wannan hali, to ina ga maigida da kalmar saki a bakinsa? Gidaje nawa suka mutu a garuruwanmu dab da magariba saboda kunu ya makara, sa'an nan da safe a zo zauren malam ana neman mafita? Magana zarar bunu ce, da na sani kuwa ƙeya ce. In an zalunce ka, danne fushi bai hana ka neman haƙƙinka ba. Ka bari ka huce, ka je gaban mai gari ko alƙali da shaidunka.

Labarin dabba ta shiga inda aka hana ta kuwa, ba baƙo ba ne gare mu. Duk kaka muna jin sa tsakanin manoma da makiyaya, a kan gona da burtali da mashaya. Waɗanda suka manyanta ba su manta da abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, a shekarar 1991 ba, inda rikicin noma da kiwo ya ci rayuka sama da 100, mafi yawansu mata da yara, dukkansu masu kallon alƙibla ɗaya. Ɓarnar gona ana ƙiyasta ta a biya, dabba ana biyan ta, rai kuwa ba ya dawowa. Kuma har yau akwai masu aikin Basusu da na Shasu, masu zuga da tono tsohon miki, sai dai yanzu kururuwar cikin salula take yawo, daga Damagaram ta kai Tawa da Yamai kafin a sha ruwa. Wanda aka turo wa irin wannan saƙo ya tambayi kansa ko yana son ya zama saurayin nan da aka aika ya rera waƙar Bu'asu.

Azumi makaranta ce ta wannan darasi. Wanda ya iya hana kansa ruwa a tsakiyar zafin bazara alhali randa tana gabansa, ya tabbatar wa kansa cewa yana iya hana harshensa da hannunsa. Sauran kwanakin da suka rage mana, kowa ya duba ko akwai wani Misɗahu da ya rantse a kansa, ɗan'uwa ko maƙwabci ko abokin zama, ya je ya warware kafin Salla.

Allah Ya ba mu ikon riƙe zukatanmu, Ya sanya mu cikin masu haɗiye fushi masu yafe wa mutane. Allah Ya zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ya haɗa kan manomanmu da makiyayanmu, Ya jiƙan magabatanmu, Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.